Baba Modu da gefen littafin Goni

Baba Modu ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsaye bakin famfo da buroshi a baki. Na ga sunan Yaya Falmata, babbar 'yarsa, a fuskar wayata, tun kafin in ɗauka gabana ya faɗi, don ba ta saba kirana da sassafe ba. Ta ce, "Sani, Baba ya cika bayan asuba." Ban san me na ce mata ba. Na dai tsinci kaina zaune a kan bokiti, ruwa yana ta zuba ban kashe ba.

Ina cikin mota yanzu, mun bar Kaduna, kuma na san kafin mu kai Haɗejiya an riga an kai shi makwancinsa. In kun ga kuskure ku yi haƙuri.

Wanda ya tashi a unguwarmu ba sai na faɗa masa wane ne Baba Modu ba. Ga waɗanda ba su san shi ba, malami ne na zaure, asalin gidansu daga Barno, tsoho dogo mai ƙaramar murya. A gabansa na yi karatun littattafai tun ina ɗan sakandare, har na zama abin da na zama, wato malamin makaranta mai yawan surutu.

Ba ya duka. In ka yi kuskure sai ya ce, "Sake dai, wataƙila kunnena ne." Wallahi gara bulala da wannan maganar.

Shekarar da ruwa ya shigo mana gida ya rushe ɗakin mahaifiyata, a shigifarsa muka zauna har ƙasa ta bushe. Bai taɓa tayar da zancen ba ko sau ɗaya.

Da mahaifina ya rasu, shi ya karɓar min aure. Ranar ya ari babbar riga a wajen maƙwabci, tasa ya ba ni na saka.

Kuma ban taɓa dawowa Kaduna daga wajensa ba tare da ƙullin bandar kifi a jakata ba. Ko na ce fasinjoji za su yi ƙorafin wari, sai ya ce, "Ka ba su su ɗanɗana, za su daina."

Shi ya koya min rubutu a gefen littafi. Na taɓa kawo masa wani sabo fil, ina ta lallaɓa shi kada ya yi datti. Ya juya shi, ya miƙo min fensir, ya ce, "Ai ba ku gaisa ba tukuna. Rubuta masa wani abu."

Wannan ɗabi'a gadonta ya yi daga mahaifinsa, wanda kowa ke kira Goni. A kan Goni ne nake son in yi magana, don akwai abin da ya tsaya min a rai, kuma in ban faɗa yau ba ban san ranar da zan faɗa ba.

Goni ya yi zamani da Turawa. Lokacinsa ne littattafan bugun Masar suka fara yawa a ƙasarmu, fatake suna sayowa daga Kano, jirgin ƙasa ya sauke su a Malam Madori, a ɗora wa jaki zuwa gari. Baba Modu ya ce da farko Goni bai yarda da su ba, wai littafin da hannun mutum bai sha wuya a kansa ba ina zai sami albarka. Daga baya ya sayi wani babban littafin fiƙihu mai takarda ruwan ɗorawa, ya bi shi shafi-shafi da alƙalaminsa yana gyara wa inji kuskure. Tun daga nan ba sa rabuwa.

Baba Modu shi ne ɗan farin Goni. Kun san yadda mutanen da suke da ɗan fari. Ana yaye shi aka miƙa shi riƙo wajen baffansa a Birniwa, sai da ya tasa aka dawo da shi gida karatu. Ya ce min tun daga ranar da ya dawo har ranar da suka binne Goni, bai taɓa jin sunansa a bakin mahaifinsa ba. In yana gabansa, "kai." In ba ya nan, "ku ce wa wancan ya zo." Ƙannensa kuwa ana kiransu da suna, har a ɗora su a cinya.

Da dariya yake ba mu wannan labarin. Ni kuma da karatun bokona nake zaune ina jin tausayinsa a ɓoye, ina cewa a raina wannan wace irin rayuwa ce.

Goni ya rasu gab da tafiyar Turawa. Ba a daɗe ba wasu masu tattara tsofaffin rubuce-rubuce suka zo gari da iznin hukumar gargajiya ta En'e, suna neman littattafan malamai don a adana. Damina ta riga ta ci wa gidan Goni wasu, gara ta ci wasu, sai 'yan'uwa suka ce gara a bayar. Baba Modu ne babba, shi ya ɗauko littafin fiƙihun nan, ya saka a gafaka, ya ɗaure, ya miƙa. Na tambaye shi, "Baba, ko buɗewa ba ka yi ba?" Ya kalle ni kamar na yi saɓo. Ya ce, "Littafin nasa? Ni?"

Sai bayan shekaru masu yawa ƙaninsa Bukar, wanda shi ne mai ɗaukar wa Goni littafin zuwa masallaci, ya faɗa masa wani abu kafin shi ma ya rasu. Ashe duk ranar da aka yi wa Goni haihuwa, sai ya rubuta a gefen shafin da yake karantawa a ranar.

Da ƙaramar sallar da ta wuce na je gaishe da Baba Modu. Cikin hira bakina da ba ya zama ya ce ai kullum ta gaban gidan adana tsofaffin takardu na Kaduna, inda aka kai littattafan, nake wucewa in zan tafi makaranta. Sai na ga ya gyara zama.

Ya ce, "Ɗan Kaduna, zan aike ka. Ka shiga ka nemi littafin Goni. Ka duba min inda ya rubuta haihuwata, ka ga abin da ya rubuta, ka zo ka faɗa min. Lokacin da ruwa ke ja daga fadama aka haife ni, shekarar da ya sayi littafin, don haka ba zai yi nisa da farko ba."

Na ce, "An gama, Baba."

Ya ce, "Kada ka daɗe. Ka ga dai yadda nake."

Ban daɗe ba, wannan kam zan iya faɗa. Na je, na cike takarda, na yi zarya har aka gano shi. Wani dattijon ma'aikaci ya kawo min a cikin kwali, ya ce in wanke hannu, ya ajiye min a kan tebur.

Jama'a, ban taɓa ganin littafi irin wannan ba. Bugun yana tsakiya, rubutun Goni ya kewaye shi ta ko'ina, sama da ƙasa, wani a karkace, wani sai ka juya littafin kafin ka karanta. Baƙar tawada da ja. Wani da Larabci, wani da ajamin Hausa, wani kuma da Barbarci wanda ban iya ba. A wani wuri ya ja layi a ƙarƙashin kalma ya rubuta, "Mai bugawa ya yi gyangyaɗi a nan." Na yi dariya ni kaɗai har dattijon ya ɗago kai. A wani wuri ya rubuta cewa fara ta sauka a gonakin gabas. Wani wurin kuma, Bature ya zo da masu allurar agana, mata sun ɓoye yara a rumbu. Wani wurin, kogi ya cinye shinkafa, Allah Ya mayar da alheri. Daga nan sai ya koma kan mas'alar alwala abinsa.

Na fara cin karo da haihuwa a tsakiyar littafin. "An haifa min Bukar, ranar Lahadi." Can gaba, "An haifa min Amina." Na yi ta samunsu ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa a fili, duk ƙannen Baba da na sani da waɗanda suka rasu suna jarirai.

Sai na koma farko na bi a hankali. Na same shi a ƙasan wani shafi na babin tsarki, da ƙaramin rubutu. Ga ma'anar abin da ke wurin:

"Yau Talata, ruwa ya fara ja daga fadama, Allah Ya azurta mu da"

Daga nan babu komai. Fili ne fari, faɗinsa bai wuce ɗan yatsa ba. Ba gogewa aka yi ba, ba gara ba ce, alƙalami ne ya ɗaga ya tsallake. Bayan filin ya ci gaba:

"Allah Ya raya shi, Ya sa ya fi ni."

Na ga addu'ar, ba zan ce ban gani ba. Amma idona a kan filin nan ya tsaya. Raina ya ɓaci. Na ce yanzu ko a takarda, inda babu mai ganinsa, mutumin nan ya kasa rubuta sunan ɗansa? Kowa ya samu sai shi? Na nemi izni, aka ce in ɗauki hoto ba tare da fitila ba, na ɗauka, na fito ina huci kamar ni aka yi wa.

Duk hanyar Haɗejiya tunani ɗaya nake yi: ta yaya zan kalli tsohon da ya haura tamanin da yawa in ce masa babu sunanka.

Na isa bayan la'asar. Zauren cike yake, ga 'ya'yansa maza, ga ɗalibai, ga dattawan unguwa da ke zuwa hira. Yana kishingiɗe a kan buzu an tokare masa baya da filo. Da ya ji muryata ya gaishe ni da Barbarci, ya ce, "Wushe, ɗan Kaduna. Ka samo?"

Na ce na samo. Na ba su labarin mai bugawa da ya yi gyangyaɗi, aka yi dariya. Na faɗi na fara, na faɗi na masu allura, wani dattijo ya ce shi ma a rumbu aka ɓoye yayansa. Ina ta jan zance ina kewaye-kewaye. Baba ya bar ni na gama, sannan ya ce, "To, ni fa?"

Kowa ya juyo yana kallona.

Na buɗe baki na ce, "Baba, sunanka yana nan. Ɓaro-ɓaro, da jar tawada. Ya rubuta, an haifa min Modu."

'Ya'yansa suka hau kabbara. Wani ya ce Allahu Akbar, ashe Goni yana ji da shi. Ni ma har na fara jin daɗin kaina, ina ganin na yi aikin lada.

Baba ya sunkuyar da kai. Ya daɗe yana kallon tabarma. Sannan ya ce, "Kamar yadda ya rubuta na su Bukar?"

Na ce, "Haka, Baba."

Ya ce, "Ka ɗauko hoto?"

Wayar tana aljihuna, ina jin nauyinta a cinyata. Na ce ba sa bari a ɗauka. Ƙarya ta biyu ke nan, kuma mutanen nan babu abin da suka yi min sai alheri.

Ya gyaɗa kai a hankali. Abin da ya faɗa bayan nan da ƙaramar murya ya faɗa, ina jin ni kaɗai da nake kusa da ƙafarsa na ji sosai.

Ya ce, "Ikon Allah. In hannunsa zai iya rubutawa, me ya hana bakinsa faɗa? Ni duk zamana na ɗauka kunyata yake ji."

Sai a lokacin na gane aiken da aka yi min.

Ba sunansa ya aike ni nema ba. Mutumin nan ya rayu shekara da shekaru yana riƙe da shirun mahaifinsa a matsayin girma, cewa shi ne na fari, shi ne wanda ake jin nauyinsa har ba a iya furta sunansa. So yake ya ji cewa ko a ɓoye, tsakanin Goni da takarda, haka abin yake. Filin nan da ya ɓata min rai shi ne abin da yake jira in kawo masa. Ni kuma da tausayina na banza na cike shi da ƙarya, na mayar da shirun ya zama ba a damu da shi ba ne kawai.

Kuna tsammani na gyara a take? Ban gyara ba. Na kalli mutanen da ke zauren, dattawan da ke kirana Malam Sani, ɗaliban da ke min kallon mai ilimi, na ji ba zan iya cewa yanzun nan na shara ƙarya ba. Na ce a raina bari a watse. Da aka watse aka shigar da shi ciki don ya gaji. Washegari na tsaya a ƙofar gidan, na ji muryar manyan 'ya'yansa a zaure suna ba wani baƙo labarin jar tawada, sai na juya na nufi tasha.

Wannan ne ganina da shi na ƙarshe. Ko sallama ban yi masa ba.

Na koma Kaduna na kasa sukuni. Ina tsaye gaban allo ina koyar da yara, maganarsa tana dawo min. Na kira Yaya Falmata in ji lafiyarsa, ta ce jikin da sauƙi, sai dai ya rage magana, kuma ya daina ba da labarin Goni, shi da ba ya wuni bai ambace shi ba. Ta ce, "Ko tsufa ne?" Na ce wataƙila.

Sai shekaranjiya na iya. Shi ma ba zuwa na yi ba, ban kuma kira ba. Hoton na tura mata, na bi shi da saƙon murya ina in'ina, na ce ƙarya na yi, ga abin da ke shafin, ta taimake ni ta nuna masa. Na kashe wayar don kada ta kira ni. Namiji da gemu, ina ɓuya a bayan mace da waya.

Da safen nan, bayan ta faɗa min rasuwar, na kasa tambaya. Ita ta gane. Ta ce, "Na nuna masa jiya da hantsi."

Ta ce idonsa ba ya ganin ƙaramin rubutu, sai ta buɗa hoton ta karanta masa, ita malamar Islamiyya ce. Da ta zo wurin filin ta tsaya. Ya ce, "Ci gaba mana." Ta ce, "Baba, babu komai a wurin, ya tsallake." Ya ce ta ɗora masa yatsa a kai. Ta kama yatsansa ta ɗora a gilashin wayar. Ya bar shi a wurin, ya ce ta karanta sauran. Ta karanta. Ya ce ta sake daga farko, ta sake.

Ta ce sai ya yi wata 'yar dariya, hawaye yana bin gefen fuskarsa, ya ce, "Goni ke nan."

Bayan nan ya nemi kunu, ya sha fiye da yadda ya saba.

Na ce, "Yaya, ni fa, me ya ce a kaina?"

Ta ce, "Cewa ya yi, yaron nan ya ɗauka ni jariri ne da za a rarrasa. Sannan ya ce in faɗa maka ka zo, bai riƙe ka ba, yana son ya ji daga bakinka yadda sauran shafukan suke. Na kira ka jiya, wayarka a kashe."

A kashe take, gaskiya ne. Ni na kashe ta.

Na gode wa Allah da gaskiyar ta riske shi da ransa. Amma kwanakin nan da ya yi yana juya maganata a zuciyarsa, yana tunanin mahaifinsa bai taɓa jin nauyinsa ba, ni na ɗora masa su a ƙarshen rayuwarsa, kuma babu yadda zan yi in sauke. Kunya nake ji irin wadda ban taɓa ji ba. Don Allah kada kowa ya rubuto min cewa niyyata mai kyau ce. Na san niyyata, rabinta tausayi ne, rabinta kuma son a ce Sani ya kawo labari mai daɗi.

Wasu za su ce in saka hoton a nan. Ba zan saka ba. Mutumin da ya ɗaga alƙalaminsa don kunya bai rubuta don 'yan kallo ba, kuma hoton yanzu na iyalinsa ne.

Abin da ya sa na rubuta wannan shi ne, labarin jar tawada ya riga ya zaga unguwa, har na ji an faɗa a wani wajen ɗaurin aure. Duk wanda ya ji, daga bakina ya fito, kuma ba haka ba ne. Goni bai rubuta sunan ɗansa ba. Fili ya bari, ya roƙi Allah Ya sa yaron ya fi shi.

Yaya Falmata ba ta faɗa wa 'yan'uwanta maza ba tukuna. Ta ce wannan nawa ne. In Allah Ya kai mu lafiya, a zauren zan sauka, gaban mutanen da suka yi kabbara ranar, in faɗa musu da bakina.

Ya Allah, ga bawanKa Modu ɗan Goni ya zo gare Ka. Ka yafe masa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka saka masa da alherin da ya yi mana wanda ba mu iya biya ba. Ka haɗa shi da mahaifinsa a inda babu sauran nauyi tsakanin uba da ɗa. Ka ba Yaya Falmata da sauran iyali haƙuri.

Duk wanda ya karanta har nan, ina roƙonsa ya tsaya ya yi wa Baba Modu addu'a, ya haɗa da Goni. In kun gama, ku saka ni a ƙarshe, Allah Ya ba ni ƙarfin buɗe baki a zauren nan yau.